Da Numfashin Wa Muka Auna Ku

Da sunan Allah, wanda numfashin kowane mai rai yake hannunsa. Assalamu alaikum.

Shugaban sashen jami'a da marigayi ya yi wa aiki shekara goma sha tara, ranka ya daɗe, mun gode da ka zo, mun gode da ka zauna a kujerar roba irin tamu. Likitar ƙirji, wadda ta riƙe shi har ƙarshe, sannu da ƙoƙari. Shugaban ƙungiyarmu da dattawan da ke gefensa, ina gaisuwa. Yaya Babba, wan marigayi, da ka yi kwana biyu a hanya ka zo ka tarar an riga an rufe ƙanenka, sannu da hanya, sannu da haƙuri. Maman 'Yan Biyu, da ku 'yan biyun, Allah ya ba ku dangana. Sai ku 'yan'uwana masu yankan dutse, da kuka jeru a bayan zauren nan jikin bango, kusa da ƙofa, kamar yadda kuka saba. Na bar ku a ƙarshe ne saboda maganar da na zo da ita taku ce. Ina roƙon kada kowa ya fita sai na gama.

Wanda bai san ni ba, ni ne mai goge madubai a ɗakin gwajin marigayi. Dattijo yake kirana, tun kaina bai fara furfura ba. Ba ni da karatun da za a miƙa mini lasifika a gaban waɗannan manya. Marigayi ne ya ce a ba ni. Da an bar ni da zaɓina, da yanzu ina can baya tare da ku.

Mu Mai Madubi muke ce masa.

Ya kasance namu kafin ya zama nasu. Da ya zo ƙasar nan yana ɗalibi, sai da ya yi shekara uku yana yankan dutse tare da mu da safe, kafin ya ruga aji da rana. Waɗanda suka yi wancan zamani sun san rumfar. Falalen dutse a jingine, irin wanda ake shimfiɗawa a kicin ɗin masu hali. Injin yanka yana kuka, babu ruwa a bakinsa, farar ƙura tana tashi har ba ka ganin na kusa da kai. Ƙura a gira, ƙura a cikin kunne, ƙura a kan ruwan shayi. Takunkumin da aka ba mu yana rataye a wuya, domin zafi ba ya bari a daɗe da shi a hanci. Lokacin hutu mu muna labarin gida, shi yana zaune a kan bokiti da littafi, yana hure shafi kafin ya karanta. Muna yi masa dariya. Ya gama karatu, ya tafi, muka ce shi ke nan, wani ya tsira.

Bayan shekara takwas sai ga shi a bakin rumfa da kwat. Ya tsaya yana kallona ina gyara gefen wani falale, sannan ya ce, "Dattijo, har yanzu hannunka ba ya rawa. Ina da madubin da ya gagari ɗalibaina. Kowa ya taɓa sai ya karce shi."

Na ce, "Ni da na saba da guduma za ka ba madubi?"

Ya ce, "Ai shi ya sa. Kai ka san nauyin hannunka. Su ba su san nasu ba."

Haka na bar dutse bayan shekara goma sha ɗaya. Ku riƙe wannan adadi, zan dawo kansa.

Ya kasance mutumin da tarin wani yake hana shi cin abinci. Kuna tuna Mai Guduma, ƙaton da yake ɗaga falale shi kaɗai, mu huɗu muna nishi da ɗaya? Yana da shekara arba'in da shida ya fara tsayawa a hanya yana dafa bango. Ya ce mura ce. Ya ce sanyin ƙasar nan ne. Ranar da aka kai shi asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa, huhun ya riga ya sandare. Wata biyar ya ƙara. Muna dawowa daga rufe shi Mai Madubi ya ce mini, "Babban mutum ba ya kuka da ƙirjinsa sai rabin huhunsa ya tafi. Yaro in ya yi tari uwarsa ta ɗauke shi. Babba wa zai ɗauke shi? Dole a samu hanyar da jikinsa zai yi magana kafin bakinsa."

Wannan hanya ita ya ba sauran rayuwarsa. Bari in faɗa muku yadda take, gwargwadon fahimtar mai goge madubi, domin sai kun gane ta za ku gane abin da ya faru.

Ya ce numfashin da mutum yake fitarwa yana ɗauke da alamun abin da ke gudana a huhunsa, amma 'yan kaɗan ne ƙwarai, ba hanci ko ido da zai kama su. Sai ya haɗa wani bututun ƙarfe mai tsawon hannu, da madubi a kowane baki, suna fuskantar juna. Shi muke kira kogon madubai. A saki wani siririn haske mai ƙarfi da suke kira lesa a ciki, ya yi ta kai da komo tsakanin madubin nan biyu sau dubbai kafin ya fita. Mutum ya hura a wani bututun roba, numfashinsa ya shiga kogon, hasken ya ratsa shi sau dubbai. Duk abin da ke cikin numfashin sai ya ɗan ci wani abu daga hasken. A auna abin da ya ragu, sai layi ya fito a allon kwamfuta.

Matsalar, in ji shi, hasken kansa ba ya zuwa a jere. Yana zuwa ne kamar yayyafi a kan rufin kwano, nan da yawa, nan kaɗan. Wannan kwaramniya tana rufe ɗan siririn abin da ake son ji. Shekara shida ya yi yana neman yadda zai rage ta, har ya dace da abin da suke kira matsattsen haske. Ana bi da hasken ta cikin wani ɗan dutse mai ƙyalli, bai kai ƙwayar wake ba. Na ce masa, "Haske ana matsa shi? Soso ne?" Sai ya ɗauko balan-balan ɗin da aka bari a ofis bayan wani taro, ya hura, ya damƙe tsakiyarsa. Gefe biyu suka kumbura.

Ya ce, "Ka gani? Ba a kashe rawar hasken. Allah bai ba kowa wannan iko ba. Tura ta ake yi zuwa gefen da ba ka aunawa, gefen da kake aunawa ya lafa."

Na ce, "To, wancan gefen fa?"

Ya ce, "Yana can yana rawarsa. Ba ma kallonsa ne kawai."

Kuma ya gargaɗe ni cewa wannan haske ba ya jure datti. Tabon yatsa ɗaya a madubi, duk wahalar ta tashi a banza. Shi ya sa nake shiga da safar hannu da hula, in goge da auduga sau ɗaya tak, daga tsakiya zuwa baki, in jefar, in ɗauki sabuwa. Shekara goma sha biyu ina wannan. Ban taɓa karce ko ɗaya ba.

Ya kasance ba ya iya cewa a'a ga mutumin gida. Na'urar nan ta gwaji ce, ba a ba ta izinin aikin asibiti ba, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. Amma labari ya kai rumfa cewa Mai Madubi yana da injin da ke jin ciwo a numfashi, babu allura, babu takarda, babu mai rubuta sunanka ya aika wa mai rumfa. Sai kuka fara zuwa ranar Asabar da hantsi, biyu-biyu, uku-uku. Na san abin da ya kawo ku. Kuna tsoron asibiti, domin wanda aka rubuta ƙirjinsa ya lalace aikinsa ya ƙare, wanda aikinsa ya ƙare zamansa ya ƙare, a mayar da shi gida da akwati ɗaya da tari. Ba na zargin kowa. Ni ma da ina rumfa haka zan yi.

Dogo, kana nan, na hango kanka ya fi na kowa. Kai ka fara hurawa. Ka riƙe robar ka ce, "Mai Madubi, in injin nan yana jin warin baki, ka ce masa ya rufa mini asiri, ina neman aure."

Ya ce, "Hura, Dogo. Warin bakinka ba sai an sa haske ba."

Aka yi dariya. Layi ya fito a kwance. Ya ce maka, "Ban ga komai ba. Amma ni ba likita ba ne, ka je a ɗauki hoton ƙirjinka." Haka yake gaya wa kowa, ni shaida ne. Kuma kowa rabin farko yake ji, ya bar masa rabin ƙarshe a kan tebur.

A shekara huɗu mutum saba'in da huɗu suka hura a wannan roba. Goma sha ɗaya layinsu ya tashi sama. Su bai bar su sun tafi gida ba. Da motarsa yake kai mutum wurin Likita, ya zauna da shi a benci har a kira shi. Tara daga cikinsu suna raye, wasu suna zaune a zauren nan da iyalinsu. Wannan aikinsa ne, kuma babu abin da zan faɗa nan gaba da zai goge shi. Sauran sittin da uku aka ce musu ba a ga komai ba.

Maman 'Yan Biyu, yanzu zan shiga wurin da na nemi izininki. Na zo gidanki shekaranjiya na ce ina jin nauyin faɗin wannan a gaban 'ya'yanki. Kika ce, "Faɗa, Dattijo. Ni na wanke hankicinsa, na san abin da ke ciki. Kada wata ta wanke irinsa saboda kunyata." Allah ya saka miki.

Na'ura ba ta san lafiya ba, sai an nuna mata. Kafin ta ce numfashin wane ya kauce, sai an ba ta numfashin mai lafiya ta riƙe a matsayin ma'auni. A binciken da sashe ya amince da shi akwai ƙa'ida, ana tara masu lafiya da yawa, likita ya tabbatar da su. Amma na ranar Asabar ba na sashe ba ne, taimako ne tsakaninmu. Babu lokacin tara kowa. Don haka duk Asabar, kafin ku iso, ni zan goge madubai, shi zai kunna haske, sannan ya ɗauki robar ya hura da kansa. Ya danna maɓalli, layinsa ya kwanta ya zama sifili. Ni kuma in rubuta a littafin aiki: an daidaita.

Me zai hana? Bai taɓa shan taba ba. Ba ya hawa lif, da ƙafa yake hawa bene. Shekara ashirin rabonsa da rumfa, kuma uku kacal ya yi a ciki. Yakan bugi ƙirji ya ce, "Dattijo, in ana neman huhun misali, ga shi nan." Ni na riƙe masa robar. Ni da na gan shi da idona a kan bokiti yana hure ƙura daga littafi. Ko sau ɗaya ban ce, tsaya, kai ma fa ka sha abin da muka sha.

An nuna mana, mu ne ba mu gani ba. Shekara biyu da suka wuce Likita ta leƙo wata Asabar don ta ga injin da ke turo mata marasa lafiya. Cikin wasa ta ce bari ita ma ta hura. Ta hura. Layinta ya faɗa ƙasa da sifili. Bai kamata layi ya sauka ƙasa da na mai lafiya ba. Mai Madubi ya ɓata rai, ya juyo ya dube ni.

"Dattijo, madubin nan ya yi datti."

Na ce, "Yallaɓai, yanzu na goge."

"To ka sake."

Ranar ce kaɗai ya ɗaga mini murya a gaban baƙo, kuma ban ɓoye muku ba, ta yi mini ciwo. Kwana uku na yi ina kwance madubai ina gogewa ina mayarwa. Likita ta dawo ta sake hurawa. Layi ya sake faɗawa ƙasa. Sai ya yi dariya ya ce, "Likita, ke kin fi lafiya lafiya, injina bai saba da irinki ba." Muka yi dariya mu uku. Ya rubuta a littafi cewa wata tangarɗa ce da za a bincika. Aiki ya yi yawa, ba a bincika ba. Ni kuma ina fama da haushin faɗan da aka yi mini, ban tsaya na tambayi kaina ba: in madubin tsaf yake, kuma Likita lafiyarta lau, to wane ne ba daidai ba?

Ɗakin gwajinmu yana hawa na biyu, matakala arba'in da biyu. Da can tare muke hawa yana magana har sama. Bara ya fara tsayawa a ta ashirin da takwas, inda benen yake juyawa, wurin taga. Sai ya durƙusa ya ce igiyar takalminsa ta kwance. Yau ta kwance, gobe ta kwance. Wata rana na duba ƙafarsa, takalmin ba shi da igiya. Na kau da kai. Na ji tsoron abin da zai ce in na tambaya, shi kuma ya ji tsoron in tambaya. Muka yi wata bakwai muna haka, manya biyu.

Ranar da ya faɗi a wurin tagar nan, ni na kira mota. Likita ta ɗauki hoton ƙirjinsa. Ba sai ta yi bayani ba, ya ga irin hoton nan sau goma sha ɗaya. Ƙurar shekara uku ta yi kwanciyarta shekara ashirin tana aiki a hankali, sannan wani ciwon ya hau kanta.

Kwana tara kafin rasuwarsa na je duba shi da la'asar. Yana jingine da matashi uku, robar iska a hancinsa. Magana yake yi gutsure-gutsure, kalma uku ya huta. Ya ce in kawo littafin aiki. Na kawo washegari. Ya yi ta buɗa shafuka, yatsansa yana bin inda na rubuta an daidaita, an daidaita, an daidaita. Ya kai ranar da Likita ta hura. Ya daɗe a wannan shafi. Sai na ga na'urar da ke ƙirga bugun zuciyarsa ta fara sauri. Ya kama hannuna, tafinsa sanyi ƙalau.

Ya ce, "Dattijo. Da numfashin wa muka auna su?"

Na sunkuya na dubi shafin.

Ya ce, "Madubinka ba shi da datti. Ni ne dattin. Ka yafe mini faɗan nan."

Na ce, "Yallaɓai, bar wannan magana."

Ya ce, "Injin yana cire nawa daga na kowa. Wanda ciwonsa ya fi nawa, shi ya gani. Wanda nasa ya yi daidai da nawa, ko bai kai ba, sai ya ce babu komai. Su nawa ne?"

Na ce, "Sittin da uku."

Na ga mutane suna mutuwa a ƙasar nan. Ban taɓa ganin tsoro irin wanda na gani a idonsa ba, kuma ba tsoron kabarinsa ba ne. Ya yi ta jero sunayenku, yana tsayawa yana jan iska. Wane yana da 'ya'ya biyar. Wane bai daɗe da kawo matarsa ba. Dogo ya yi auren nan kuwa? Ma'aikaciyar jinya ta shigo ta ce in fita, ya ƙi sakin hannuna sai da na yi masa alkawarin zan gaya muku.

Ku ji da kyau, kada a kai maganar rumfa a karkace. Ban ce dukanku kuna da ciwo ba. Mai yiwuwa da yawanku lafiya lau kuke. Abin da na ce shi ne, kalmar nan da kuka riƙe shekara biyu, shekara uku, shekara huɗu, cewa ba a ga komai ba, ba ta da amfani. Ba mu sani ba. Kuna tsaye a inda kuke kafin ku hura, sai dai ƙurar ta samu ƙarin shekaru.

Ranka ya daɗe Shugaban sashe, zan faɗi naka kamar yadda na faɗi nawa. Ka san ana zuwa ranar Asabar. Ka sha wucewa ka ga mutane a benci da farar ƙura a takalmi, ka kau da kai, domin ka san alheri ake yi kuma ba ka so ka sani a rubuce. Da ka sa baki, da an bi ƙa'ida. Amma ranar da na kawo maka littafin nan, ba ka ce a rufe ba, ko da yake ka san abin da zai jawo wa sashenka. A ranar ka sa hannu a wasiƙa sittin da uku. Na gode maka da wannan. Mai rumfar kuwa ya aiko da katin ta'aziyya, har ya rubuta sunan marigayi ba daidai ba. Shekara shida ke nan da ya sa ruwa a bakin injunansa, kuma ƙura ta ragu, ba zan hana shi wannan ba. Waɗanda suka sha ta shekara ashirin kafin ruwan, su ba a aiko musu da kati ba.

Wasiƙa sittin da uku. Mako uku ke nan. Likita, mutum nawa suka zo? Ta ɗaga yatsu, ku duba. Huɗu. Na san inda sauran suke. Suna ƙarƙashin katifa, suna cikin aljihun rigar aiki, suna bayan firij, a rufe. Mun ga tambarin asibiti a jikin ambulan, mun ajiye. Shi ma ya san haka za ku yi. Ya ce mini, "Ba za su buɗe wasiƙa ba. Amma za su zo zaman tunawa da ni, ko don kunyar matata. Ka tare su a can." Ga shi kun zo. Ya san ku.

Yaya Babba, za ka koma, tsohuwa za ta tambaye ka yadda ɗanta ya ƙare a ƙasar mutane. Ka gaya mata bai mutu shi kaɗai ba. Ka gaya mata ya yi kuskure babba, kuma shi ya kama kuskuren da kansa, a kan gadon mutuwa, lokacin da kowa zai yafe masa in ya yi shiru. Numfashin da ya rage masa bai kai cikin kofi ba, a kan sunayen 'ya'yan wasu ya ƙarar da shi.

Ku 'yan biyu, za ku ji magana. Wani zai ce babanku ya yaudari mutane. Kada ku yi faɗa da shi, wataƙila mahaifinsa yana cikin sittin da ukun nan, kuma tsoro ne yake magana. Ku dai ku sani cewa ya kasance mai ɗaukar mara lafiya a motarsa. Ya kasance mai neman gafarar mai goge madubi. Ya kasance ya yarda da ƙirjinsa fiye da kima, kamar kowane namiji a zauren nan.

Na ce ku riƙe wani adadi. Shekara goma sha ɗaya na yi a rumfa, kusan ninki huɗu na nasa. Ni ne na bakwai da ya hura a robar nan. Layina ya kwanta. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Dattijo, kai sai dai tsufa." Na ji daɗi har na kira matata a gida na gaya mata. Ga wasiƙata. Ku duba, ban buɗe ba. Ni na liƙa wa sauran kan sarki, na liƙa wa tawa, ta zagaya gari ta dawo ƙofata, na sa ta a aljihu. Mako uku tana nan. Ina cikin waɗanda ba su je ba.

Har yanzu ina hawa benen nan kullum, domin an ce in ci gaba da kula da madubai kafin a san yadda za a yi da su. Tun watan jiya na fara tsayawa. Ban zaɓi wurin ba, ƙafata ce take tsayawa da kanta. Ta ashirin da takwas, wurin taga. In wani ya zo wucewa sai in yi kamar ina duba waya.

Ina jin tsoro, 'yan'uwa. Shekara ashirin da uku ina cewa baɗi zan koma gida. Ina tsoron Likita ta ɗaga hoton nan ta yi shiru irin wanda ta yi masa. Ina tsoron in koma ba da ƙafata ba, ko kada in koma sam. Na gwada tura tsoron gefen da ba na kallo. Yana can yana rawarsa.

Likita ta yarda za ta buɗe mana ɗakinta gobe Asabar, tun ƙarfe takwas na safe har sai na ƙarshe ya shiga. Ta ce abin da ta gani tsakaninta da mai ƙirjin ne, ba za ta aika wa mai rumfa ba. Ta ce wanda aka kama da wuri akwai abin da za a yi masa, a raba shi da ƙura, a tare ciwon da ke hawa kai, a ƙara masa shekaru. Ba ta yi alkawarin warkewa ba, ni ma ba zan yi muku ba. Shugaban ƙungiya ya ce duk wanda aikinsa ya tsaya saboda wannan, ƙungiya ba za ta bar shi shi kaɗai ba. Ya faɗa a gabana, yanzu na faɗa a gabanku.

Ni zan fara shiga. Amma na san kaina. In na tafi ni kaɗai, zan kai bakin ƙofar asibitin in tuna ina da wani uzuri. Dogo, kai ka fara hurawa, matarka tana da ciki wata shida, ga ta can ta sunkuyar da kai. Ka biyo ta gidana ƙarfe bakwai da rabi ka buga ƙofa. In na ce ba na nan, ka ɓalle ta. Ka ji? Ɗaga hannun sosai in gani, idona ba na da ba ne. To, madalla. Na ga wani hannun a bayanka. Ga wani. Kada ku sauke, bari Likita ta ƙirga, ta san kujera nawa za ta fitar.

Mun gode wa duk wanda ya zo. Mun gode wa matan da suka riƙe gidan marigayi tun ranar da ya kwanta. Mun gode wa ma'aikatan jinya da suka yi haƙuri da tarin baƙinmu. Wanda na ɓata wa rai da maganata ya yafe mini, saƙo aka ba ni.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Mai Madubi. Ka karɓi mutum taran nan a matsayin shaidarsa, ka yafe masa kuskuren da bai yi da gangan ba, ka yafe mini shirun da na yi. Ka yalwata masa kabarinsa, shi da ya ƙare cikin ƙuncin ƙirji. Ka raya 'ya'yansa, ka sanyaya zuciyar matarsa da mahaifiyarsa. Mu kuma da za mu tsaya a layi gobe, ka ƙarfafa mana gwiwa har mu shiga, ka sa abin da za a gani ya zo da sauƙi. Ka mayar da mu gida da numfashinmu.

Amin. Dogo, bakwai da rabi.